Tsaga Uku a Kumatun Ɗan Dako

Na zo Doha da jaka ɗaya, rabin kayan cikinta littattafan soyayya ne. Tun ina sakandare a Kano nake karanta su a ɓoye, ina zaro su daga ƙarƙashin katifar yayata, har na girma na fara zuwa shagon haya da ƙafata. Su suka koya mini cewa duk namijin da ya yi tagumi mace ce a ransa, duk wanda ya bar gari kuma mace ce ta kore shi ko ta kira shi. Da wannan ilimi na sauka daga jirgi, aka ba ni kakin masu gadi, aka tsayar da ni a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa a kasuwar Souq Waqif.

Ɗakinmu a unguwar Bin Omran yake, mu uku. Ni, da wani direba Basakkwace wanda ake jin dariyarsa tun daga matakala, da wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da kowa ke kira Baba. Baba ɗan dako ne a kasuwar da nake gadi. Yana saka 'yar falmaran, yana tura baro a bayan masu sayayya daga layin kayan yaji zuwa layin turare, in sun gama ya sauko musu da kayan har bakin mota. Hausarsa ta Zango ce, amma a nan zan rubuta maganarsa yadda kunnena ya saba. A kowane kumatunsa akwai tsaga uku dogaye, da wata 'yar gajera a ƙarƙashin idon dama.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina game da shi shi ne aski. Dattijo ne mai sallar dare, amma ba ya barin gashi ko ɗaya a kumatunsa. Gemun haɓa kawai yake bari. Kowace safiya zai tsaya gaban ɗan madubin da ke bayan ƙofa, ya goge fuskar tas, ya shafa mai har tsagar ta fito tana sheƙi.

Basakkwace kan ce, "Baba ango! Yau kuma wace Balarabiyar za a kashe?"

Baba ya ce, "Kai dai je ka wanke motar uban gidanka."

Ni ban yi dariya ba, don na riga na gama fassara abin a raina. Na tabbata akwai wata a kasuwar nan da yake jira ta wuce, wata mai baƙar abaya da idanu masu kwalli, wadda ba zai taɓa iya yi wa magana ba. Har tausayinsa nake ji, irin tausayin da mutum ke jin daɗinsa.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, Baba kan dafa mana shinkafa da wake irin ta mutanen Zango, da baƙin yajinsu mai kifi wanda ke sa Basakkwace hawaye yana neman ƙari. In mun ƙoshi mun jingina da bango, sai Baba ya ɗauko labari. Rediyo ce makarantarsa. Tun yana saurayi yana ɗaurin goro a Kumasi take rataye a wuyansa, kuma duk abin da aka faɗa na tarihin duniya ya zauna a kansa.

Ya ba mu labarin wani sarkin Mali, wanda ya riga wancan da ya je Hajji da zinariya. Wai ya so ya ga inda teku ta ƙare. Ya tura jiragen ruwa masu yawa, ɗaya ne ya dawo. Sai ya damƙa sarautar a hannun wani, ya haɗa wasu jiragen, ya shiga da kansa.

Na ce, "Sai me ya faru?"

Ya ce, "Sai shi ke nan."

"Haba Baba, labari ba ya ƙarewa haka."

"Wannan haka ya ƙare. Allah ne masani."

Na ce, "To ni na sani. Mace ce. Ya yi mafarki da wata a ƙetaren ruwa, ya kasa barci, ya ga sarauta ba ta da ɗanɗano in babu ita."

Basakkwace ya faɗi gefe don dariya. Baba ya girgiza kai ya ce, "Ɗan Kano, in aka tsaga kanka ba za a samu ƙwaƙwalwa ba, sai janbaki."

Haka muka saba. Wata Juma'ar ya kawo labarin jirgin ruwan da aka tsinta a tsakiyar teku yana tafiya shi kaɗai, kayansa na nan, abinci da ruwan sha na nan, amma babu matuƙin, babu matarsa da 'yarsa, babu ma'aikaci ko ɗaya. Wata Juma'ar kuma Baturiyar nan mai tuƙa jirgin sama, wadda ta tashi za ta zagaye duniya ta ɓace a saman ruwa. Kowanne Baba zai kai shi bakin rami ya tsaya, ya ce Allah ne masani. Ni kuma in gina gada da soyayya in ƙetare. Ban lura ba sam cewa labaransa duk iri ɗaya ne.

Ranar da na lura, ni na kawo labarin. Na ce ni a duk tarihin duniya ba wanda ya burge ni kamar sarkin Indiyan nan da matarsa ta rasu wajen haihuwa, ya gina mata kabari na farin dutse wanda har yau ake zuwa kallo. Na ce wannan shi ne baƙin ciki na gaske. Na ƙara da cewa an ce a ƙarshen rayuwarsa ɗansa ya tsare shi, daga nesa yake hango ginin.

Baba ya ce, "Wannan ai ya more."

"Ya more? Baba, a tsare fa ya mutu."

"Ya san inda take kwance. In ya tashi da safe ya san inda zai kalla."

Basakkwace ya buɗe baki zai yi wasa, ya dubi fuskar Baba, ya fasa. A ranar Baba ya ba mu labarin da bai taɓa ji a rediyo ba.

Yana jariri a goye mahaifinsa ya tafi Hajji ta ƙasa, kamar yadda mutane ke yi a lokacin, a mota in an samu, a ƙafa in ba a samu ba. Bai dawo ba. Bayan shekaru wani alhaji ya ce ya gan shi a Makka, ya ce masa zai bi wani Balarabe gabas, bakin teku inda ake haƙar mai, ya tara kuɗin komawa gida. Daga nan ba a sake jin komai ba. Mahaifiyar Baba, wadda yake kira Mma, ta ƙi a raba auren. Ta ƙi manema. Ta ƙi a yi sadakar mamaci, ta ce ba za ta binne mai rai da bakinta ba, ba kuma za ta daina jira ba sai an kawo mata labari. Yanzu ta tsufa ƙwarai, tana nan a Zango. Da Baba zai taho Qatar ta riƙe hannunsa ta ce, ko kabari ne ya gano mata, ta san inda za ta juya fuska ta yi masa addu'a kafin ita ma a ɗauke ta.

Ya ce, "Ban san fuskarsa ba. Ba hotonsa a gida. Abin da na sani kawai, ɗan wanzamin da ya yi masa tsaga shi ne ya yi mini. In akwai wanda ya taɓa ganinsa a ƙasar nan, to in ya ga fuskata zai tsaya."

Shi ya sa yake aski. Shi ya sa da aka ba shi aikin tsaron sito mai sanyi ya ƙi, ya zaɓi baro da rana, don a kasuwa ne fuskoki suke wucewa. Kuma ya gaya mana kafil ɗinsa, Balaraben da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya ce shekarunsa sun ja, ba zai sabunta masa takarda ba. In sanyin bana ya wuce, zai koma gida.

Daga ranar na fara kallonsa da wani ido. In ina hutun sallah na hau sama, nakan hango shi a bakin layin turare, hayaƙi na tashi ta bayansa, tantabaru na sauka a filin gabansa. In wani baƙin dattijo ya doso cikin farar riga da ƙyallen kai, Baba zai gyara tsayuwa, ya juya kumatunsa wajen haske, ya ce a hankali, "Sannu da rana." Mutumin ya wuce. Baba ya koma ya riƙe baronsa. Na kirga irin wannan har na daina kirgawa, don abin yana yi mini ciwo a ƙirji.

Wata rana bayan la'asar, ana cikin sanyi, ina tsaye a wurin aikina sai na ga Baba ya sauko da baro cike da buhun shinkafa da dabino da tukwane. A gabansa wata mata ce baƙa cikin abaya da niƙabi, daga tafiyarta ba yarinya ba ce, da ɗanta babban mutum yana kaɗa makullin mota. Baba ya gama loda kayan, amma matar ba ta shiga mota ba. Tana tsaye tana kallonsa, tana magana da sauri. Larabcin Baba na dako ne, bai wuce ɗauka da ajiye ba. Ya ɗago mini hannu. Ni na yi Islamiyya, ina ɗan tsinta.

Ta ce da ni, "Tambaye shi, wa ya yi masa wannan a fuska?"

Baba ya ce, "Gaya mata tsagar gidanmu ce. Ina ɗan kwana bakwai aka yi mini."

Ta ɗaga yatsa ta zana a kan niƙabinta, uku a nan, uku a nan, da ƙarama a ƙarƙashin ido. Ta ce, "Mahaifina haka fuskarsa take. Tun da ya rasu ban sake ganin irinta ba sai yau."

Na fassara. Baba ya dafa baro.

Ta ce daga ƙasar baƙaƙe ya zo, ta ƙasa, ya yi Hajji, ya yi aiki wajen masu mai, daga baya ya zama ladani a wani ƙaramin masallaci. Ya auri mahaifiyarta a nan. Tana ƙarama ya rasu. Ba ta san sunan garinsu ba, sai dai yakan ce can ruwan sama ba ya gajiya, itatuwa kuma sun fi hasumiya tsawo. Ta ce duk wanda zai je Hajji sai ya roƙe shi ya nemo masa wani jan 'ya'yan itace mai ɗaci a wurin alhazan Afirka, in ya samu ya riƙa ɓantara kaɗan kaɗan kamar magani.

Baba ya ce da ni, "Goro. Tambaye ta sunansa."

Ta faɗa. Sunan mahaifin Baba ne. Amma suna ne da in ka kira shi a kowane masallaci rabin sahu zai waiwayo.

Ta buɗe wayarta ta nuna mana wani tsohon hoto marar launi. Mutum ne siriri, da ƙyallen Larabawa a kansa ya sauko har kafaɗa, tsagar tana nan a kumatu. Baba ya ɗauki hoton da tasa wayar.

Ɗan ya buɗe ƙofar mota yana gaggawa, ya ce, "Yalla, yalla."

Baba ya ce, "Gaya mata ni..." Ya dubi falmaran ɗinsa, ya dubi baron, ya dubi motar. Bai ƙarasa ba. Matar ta miƙo masa ladan dakonsa. Ya ja da baya, ya ɗora hannu a ƙirji.

Na ce, "Baba, karɓi mana."

Ya ce, "Mutum yana karɓar ladan dako a hannun ƙanwarsa?"

Ɗan ya ɗauka raini ne, cewa Baba ƙari yake nema. Ya ce khalas, wato shi ke nan, ya ajiye kuɗin a cikin baro, ya ja uwarsa, motar ta haye sama. Mai gadi da ɗan dako ba sa tambayar matar mutane lambar waya a gaban ɗanta. Lambar motar ma ban duba ba, fuskar Baba nake kallo.

A ɗaki muka sa wayar a tsakiya mu uku. Basakkwace ya ce hancin iri ɗaya ne. Na ce idanun ma. Baba ya ce tsagar nan duk zuriyarsu ke da ita, kuma ba mahaifinsa kaɗai ne ya tafi bai dawo ba. Sannan ya dube ni ya yi wani murmushi da ban so ba.

Ya ce, "Ɗan Kano, yau ba ka ce komai ba. Faɗi mana. Mace ce."

Na kasa. Shekara da shekaru ina jefa wannan kalma a kan sarakuna da matuƙan jirgi, tana yi mini daɗi a baki. Yau ga ta ta zama gaskiya, ko kusa da gaskiya, kuma a ɗaya gefen akwai tsohuwar da ta ƙi aure tun tana da ƙuruciya.

Baba bai kira gida ba. Ya ci gaba da aski, yana tsayawa a bakin layin da ya haɗu da matar, ko za ta dawo. Ba ta dawo ba. Sanyi ya fara ja da baya, ranar tafiyarsa ta matso. Na ce masa ya bar mini abin, ni zan tsara. A ce wa Mma an gano kabarinsa, a ce ya rasu yana kan hanyar komawa, da tsarabarta a jakarsa, sunanta ne ƙarshen abin da ya faɗa bayan kalmar shahada. Har na ji hawaye a idona ina tsarawa.

Ya ce, "Ya yi daɗi. Amma Mma ba littafi ba ce. Labarin Turawan da ban sani ba ma ban taɓa yi masa ƙari ba, sai na ubana?"

Juma'ar ƙarshe kafin ya tafi, bayan mun ci abinci, ya kira. Matarsa ce ta ɗauka ta kai wa Mma. Na ga tsohuwar a fuskar wayar, 'yar ƙarama cikin mayafi, idanunta sun yi fari da yana. Ana ruwa a Kumasi, muna jin sa a kan kwano. Baba ya gaya mata yadda aka yi, ya ce ya tura hoto. Matarsa ta kai hoton har kusa da hancin Mma. Mutum ɗaya ne ya rage a duniya da zai iya gane fuskar nan, kuma ta ce haske kawai take gani.

Ta ce, "Ku duba mini kunnensa na hagu. Rago ya taɓa tsaga masa shi."

Muka duba, ko da yake mun sani. Ƙyallen ya rufe kunnuwan duka biyu.

Baba ya ce, "Ba a ganin kunnen, Mma."

Ta gyara mayafinta. Sannan ta ce, "Ya yi iyali a can?"

Baba ya dube ni. Na girgiza masa kai da ƙarfi. Ya mayar da ido kan wayar ya ce, "Ya yi, Mma. 'Yarsa ce na gani."

Ruwan ya ci gaba da zuba. Basakkwace ya sunkuyar da kai. Na jira kuka, irin wanda na sha karantawa, amma bai zo ba.

Ta ce, "Tana da kirki?"

"Ta yi mini magana da mutunci."

"Da ya rasu akwai mutane a kansa? An yi masa wanka, an sallace shi?"

"Ladani ne, Mma. Jama'a ba sa barin ladaninsu."

Ta ce, "To shi ne."

"Mma, ba mu tabbata ba. Kunnen..."

"Na ce shi ne. Ni tsorona duk shekarun nan kada a ce a daji ya faɗi, ba mai rufe masa ido. Tunda ya samu mai dafa masa abinci, ya samu mai kuka a kansa, shi ne. Wane gefe garin naku yake?"

Baba ya ce, "Gabas ne. In kin kalli alƙibla, yana bayanta kaɗan."

Ta ce, "Ashe duk sallar da nake yi shi nake fuskanta."

A nan Baba ya miƙa mini wayar ya fita tsakar gida, ya daɗe bai shigo ba.

Mun raka shi filin jirgi, Basakkwace ne ya tuƙa, kuma tun daga Bin Omran har muka isa bai yi wasa ko ɗaya ba. Bayan Baba ya isa gida ya kira ni ya ce Mma ta sa an yi sadaka, ta kuma shiga takaba. Malaman unguwa sun ce mata lokacin takabar ya wuce tuntuni, ba ta hau kanta ba. Ta ce su a wurinsu ne ya wuce, ita yanzu ta ji. Ta cire 'yan kunnenta, ta zauna a ɗaki. Ba ta kai ga fita takabar ba Allah ya yi mata rasuwa.

Baba ya turo mini hoton zaman makoki. Sai da na duba sau biyu kafin na gane shi a cikin mutanen da ke kan tabarma. Ya bar gemu, fari fat, ya cika kumatun duka, ba a ganin tsagar.

Har yanzu ina gadi a wuri ɗaya. Hoton mutumin mai ƙyallen kai yana cikin wayata, Baba ne ya tura mini kafin ya tafi, ya ce ko da za ta dawo. Duk matar da ta sauko da ɗan dako a bayanta sai na dube ta, duk da ban san komai nata ba sai idanu da murya. In ta dawo, abin da zan tambaye ta bai wuce kunnen hagu ba. Wani lokaci kuma ina tsaye sai in ji ina roƙon Allah ya sa kada ta dawo.